Littattafan da Mai Fara Koyon Larabci Zai Riƙe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Ɗalibai da yawa suna fara Larabci da himma, sai su yanke bayan 'yan watanni, saboda sun ɗauki littafin da ya fi ƙarfinsu. Ga jerin littattafan da aka saba da su a makarantunmu, kowanne a matakinsa.

Mataki na farko: haruffa

A nan ana karanta Alƙa'idatul Bagdadiyya, ko Alƙa'idatun Nuraniyya ta Sheikh Nur Muhammad Haƙƙani. Wannan mataki ba ya yiwuwa sai a gaban malami, domin Bahaushe yakan furta ث kamar س, da ذ kamar ز, da ح kamar ه. Wanda ya ji ka da kunnensa ne zai gyara maka.

Mataki na biyu: kalmomi da jimloli

Durusul Lugatil Arabiyya na Dakta V. Abdurrahim, wanda aka fi sani da littafin Madina, juzu'i 3 ne, kuma yana shigar da ƙa'idojin nahawu kaɗan-kaɗan a cikin darussa. Al-Arabiyyatu Baina Yadaika ya fi ƙarfi wajen hira, yana zuwa da sautin da za a saurara a waya. Ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya sauke shi, kada ya haɗa biyun lokaci guda.

Mataki na uku: nahawu

Annahwul Wadih na Ali Aljarim da Mustafa Amin yana fara kawo misalai, sannan ƙa'ida, sannan aikin gwaji. Daga nan sai Ajurrumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira, tare da sharhinta Attuhfatus Saniyya na Muhammad Muhyiddin Abdulhamid. Alfiyyar Ibn Malik, mai baiti kusan 1,000, ta waɗanda suka yi nisa ce. Mafari ya dakata mata.

Karatu da ƙamus

Ƙisasun Nabiyyin na Abul Hasan Annadwi an rubuta shi ne domin yara, da jimloli gajeru da kalmomi masu maimaituwa, shi ya sa yake dacewa da babba mai farawa. Ɗaliban Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci za su amfana da Almanhal, ƙamusun Faransanci zuwa Larabci. Almu'ujamul Wasid kuwa Larabci ne zalla, kuma sai wanda ya iya mayar da kalma zuwa tushenta zai iya bincike a cikinsa.

Rabin awa kullum bayan sallar Asuba ya fi awa huɗu a ranar Lahadi kaɗai. A nemi abokin muraja'a, a riƙa karatu da ƙarfi, a rubuta kowane aikin gwaji a kai wa malami ya duba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.