Tarihin Jirgin Yaƙin Faransa Mai Suna Medus

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Tudun Wada, Zariya, ya rubuto yana neman tarihin jirgin Faransa da ya ji an ce ya halaka a gaɓar Afirka ta Yamma.

To malam, sunan jirgin Medus. Jirgin yaƙi ne na katako, ba shi da inji, iska ce ke tura shi ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗaurawa a dogayen sanduna. An saka shi a ruwa a shekarar 1810, zamanin Napoliyon, wato Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye. Igwa wajen 40 yake ɗauka. A 1811 ya je tsibirin Jaba, cikin Indunusiya ta yau, ya komo lafiya duk da jiragen Ingila da suka bi sawunsa.

Bayan faɗuwar Napoliyon, Ingila ta yarda ta mayar wa Faransa garin Sanluwi na ƙasar Sanagal. Ran 17 ga Yuni 1816 Medus ya tashi da mutum wajen 400, har da sabon gwamna, don karɓar garin. Amma ka ji inda gizo ke saƙa. Wanda aka ba jagorancin jirgin, Kyaftin Shomare, ya shekara fiye da 20 rabonsa da aikin teku. Biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta samo masa muƙamin.

Ran 2 ga Yuli jirgin ya kafe a kan tudun rairayi na Argin, daura da Muritaniya. Kwale-kwalen da ke ciki ba su isa kowa ba, sai aka harhaɗa katako kamar gadon fito, aka ɗora mutum wajen 147. Gwamna da kyaftin suka shiga kwale-kwale, aka yi alkawarin za a ja gadon da igiya har gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar.

Kwana 13 suna yawo a teku, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga faɗa tsakaninsu, har ta kai wasu ga cin naman gawa. Da jirgin Argus ya tsince su ran 17 ga Yuli, mutum 15 kawai suka rage, biyar kuma suka cika bayan 'yan kwanaki. A 1817 kotun soja ta ɗaure kyaftin shekara uku. An gano ɓaraguzan jirgin a 1980.

Ka ga malam, jirgin da ya tsira daga abokan gaba, jagoransa ne ya kashe shi. Fataken da, da ke zuwa Gwanja sayen goro, sun san wannan: ba a ba mutum madugu don gidansu, sai don ya san hanya da mashaya.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Tudun Wada.