Zaman hoto: Yadda namiji ke fuskantar kyamara a ƙasar Hausa

Zaman hoto shi ne tsarin da mai ɗaukar hoto ke yi wa mutum kafin ya danna kyamara, wato inda zai kalla, da yadda zai ajiye hannuwansa da ƙafafunsa, da abin da zai riƙe.

A ƙasar Hausa, tun daga Sakkwato zuwa Illela da Araba da ke bakin iyaka, har a tsallaka Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, akwai wani zama da magidanta suka saba yi ko ba a gaya musu ba. Mutum zai zauna daram a kan kujera, ya fuskanci kyamara kai tsaye, ya ɗora tafukansa bisa gwiwoyi, ya rufe baki, ya tsayar da ido.

Baƙon da bai san al'adar ba yakan ɗauka fushi ne ko tsoron na'ura. Amma ga mai zaman, abin da yake son hoton ya nuna shi ne kamala da natsuwa, domin ya san hoton zai daɗe a bangon ɗaki bayan shi ba ya nan.

Asalin tsayuwar

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekarar 1839. Wannan ya isa ya nuna cewa duk wani hoto da ake yawo da shi da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba hoton kyamara ba ne, tun da Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma a 1837.

Kyamarorin farko na buƙatar mutum ya daɗe bai motsa ba, har akan sa masa wani ƙarfe a bayan wuya ya tallafe kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Turawan wancan zamani ma ba sa murmushi a hoto. Su daga baya suka sake hali, musamman bayan kamfanin Kodak ya fara sayar da ƙaramar kyamara ga kowa da kowa a 1888.

A Afirka ta Yamma sana'ar ta fara kafuwa ne a garuruwan bakin teku. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Benin, Oba Ovonramwen, a 1897, bayan Turawan Ingila sun kama shi. Daga kudu ne sana'ar ta hauro arewa, kuma Yarbawa na da babban rabo wajen yaɗa ta. Wata mai bincike, Erika Nimis, ta wallafa littafi a 2005 kan yadda masu hoto Yarbawa suka bazu a ƙasashen yankin, ciki har da Nijar.

Tun kafin nan, a 1978, wani Ba'amurke mai suna Stephen Sprague ya bayyana zaman hoton gargajiya na Yarbawa: mutum na zaune yana fuskantar kyamara, hannuwa bisa cinya ko gwiwa, ana ganin jikinsa baki ɗaya tun daga hula har takalmi, kyamara kuma an ɗan sassauto da ita ƙasa. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan iyayensa a Kano ko Sakkwato zai gane wannan zama. Sai dai Bahaushe bai karɓe shi don kwaikwayo kawai ba. Ya tarar da shi ya dace da zaman da sarki ke yi a fada, da wanda malami ke yi a zaure.

Riga ce ke magana

Littattafan koyar da ɗaukar hoto na Turai sukan ce a ɗan karkata jikin namiji gefe, a fito da faɗin kafaɗunsa, a nuna ƙugunsa ya fi su tsukewa, ya ɗan turo haɓa gaba, ya sa hannu a aljihu. An gina wannan shawara ne a kan kwat da wando, tufafin da ke bin surar jiki.

Babbar riga ba ta bin surar jiki, rufe ta take yi. Saboda haka aikin mai hoto a nan ya koma kan rigar kanta.

Abu na farko shi ne naɗe hannuwan rigar bisa kafaɗu daidai wa daida, don kada ɗaya ya zubo ya bar mutum kamar ya karkace. Na biyu shi ne baza gaban rigar yadda aikin da ke wuya da aljihu zai fito sarai. Aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, ya fi yawa ne a ɓangaren hagu na ƙirji, don haka idan aka juya mutum ta inda wannan ɓangare zai ɓuya, an zubar da abin da ya kashe kuɗinsa a kai. Wannan na cikin dalilan da suka sa fuskantar kyamara kai tsaye ta fi karɓar mai babbar riga. Idan ya zauna ya ɗan buɗa gwiwoyi, rigar kan bazu ta cika hoton, mutum ya yi kwarjini ko da siriri ne.

Sai kuma hula. Zanna bukar da kube da dara kowace da yadda ake kafa ta, kuma ɗan karkata ta gefe ko tura ta ƙeya na iya mai da dattijo ya yi kama da saurayi. Masu hoto da suka ƙware sukan duba hula kafin su duba fuska.

Rawani ya fi wuya. Yakan jefa inuwa a kan idanu, amawali kuma ya rufe baki da haɓa, ya zamana idanu da hanci kaɗai suka rage. Idan aka ɗauki mai rawani da tsakar rana a fili, sai a ga tufafi ba a ga mutum ba. Shi ya sa aka fi son hantsi ko la'asar, ko inuwar zaure kusa da ƙofa. Hazon hunturu ma, duk da ƙurarsa, yana tausasa haske.

Akwai kuma matsalar farar shadda a jikin baƙar fata. Idan aka auna haske da rigar, fuska ta yi duhu. Idan aka auna da fuskar, rigar ta yi fari fat, aikin da ke jikinta ya ɓace. Matsalar ta fi tsanani a zamanin fim mai launi, domin shekaru da dama kamfanonin da ke yin sa da fatar Turawa suke gwada ingancinsa. Tsofaffin masu hoton baƙi da fari sukan gyara wannan da hannu a ɗakin wanki, lokacin da suke fitar da hoto daga dodonsa.

Hotunan shugabanni da ke jikin takardun naira sun nuna yadda wannan kama ta zama ta hukuma. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na kan naira 5, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello kuma na kan naira 200 da aka fitar a shekarar 2000, yana sanye da rawani.

Wa zai zauna, wa zai tsaya

A hoton jama'a, wurin da aka sa mutum shi ne matsayinsa. Babba na zaune a tsakiya, na kusa da shi a girma suna dama da hagunsa, matasa na tsaye a baya, yara na tsugune a gaba. A fada sarki kaɗai ke kan kujera, fadawa na zaune a ƙasa ba takalmi, dogarai na tsaye. Haka mai hoto Bafaranshe Daniel Lainé ya tarar da sarakuna da dama lokacin da ya zagaya Afirka yana ɗaukar su daga 1988 zuwa 1991.

Kunya ma na da hukunci a nan. Yaro ba ya harɗe ƙafa a gaban mahaifinsa, ba ya dafa kafaɗar wanda ya girme shi. Suruki yakan nemi can gefe idan uban matarsa na cikin hoton. Mai hoton da ya ce wa irin waɗannan su matso su rungumi juna, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, zai sami hoton mutane a takure. Abokai tsara kuwa sukan riƙe hannun juna ko su yi musafaha suna kallon kyamara, alamar aminci.

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye irin su haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Zaman hoton dattijo ƙoƙari ne na sa waɗannan halaye su bayyana a takarda.

Samari da 'yan kokawa

Ba kowane namiji ne ke neman kamannin dattijo ba. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur, har da kwat, domin wanda ya zo ya ara ya ɗauki hoto da su. Malick Sidibé, wanda ya sami babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, ya yi suna da hotunan samari masu fantalon da tabarau, a tsaye suna gwada ƙwalisa. A Yamai kuma Philippe Koudjina ya ɗauki matasan birnin a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai a 1960.

Irin wannan ya iso ƙasar Hausa, ya haɗu da tasirin finafinan Indiya, daga baya kuma da fostocin taurarin finafinan Hausa na Kano. Saurayi zai tsaya ya jingina da babur, ko ya dafa haɓa yana kallon gefe, a gaban labulen da aka zana wa benaye ko jirgin sama.

'Yan dambe da 'yan kokawa nasu daban ne. Su jiki suke nunawa: ƙirji a buɗe, layu da guraye a damtse, ɗan dambe ya ɗaga hannun da ya naɗe. A Nijar, inda aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, hoton da kowane ɗan kokawa ke buri shi ne wanda zai ɗaga takobi bayan ya zama sarki. Birnin Ƙonni na cikin jihar Tawa, kuma masu sha'awar kokawa a ɓangaren Illela na bin gasar kamar tasu.

Matsayin malamai

Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, kuma malamai sun yi saɓani kan ko hoton kyamara ya shiga ciki. Muftin Masar Sheikh Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, bisa hujjar cewa kyamara tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta kawai take yi, kamar madubi. Sheikh Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya kuwa ya tafi a kan haramci, sai dai inda akwai lalura, kamar fasfo da katin shaida.

Ana samun mabiya ra'ayoyin biyu a arewacin Najeriya da Nijar. Akwai dattawan da hotonsu ɗaya tak ne a duniya, wanda aka ɗauka don tafiya aikin Hajji. Ko a cikin masu halattawa, da yawa na ƙin rataye hoto a ɗakin da ake salla, suna kuma ƙyamar tsayuwar da ke nuna girman kai.

Hoton da hukuma ke so

A bakin iyaka ne bambancin ya fi fitowa fili, domin a nan hoto takarda ce ta wucewa. Mutanen Illela da Araba da Ƙonni dangin juna ne, harshensu ɗaya, suna cin kasuwannin juna, amma hukumomi biyu ne ke tantance su.

Hoton fasfo ba ruwansa da riga. Ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, waɗanda Najeriya ta bi lokacin da ta fara bayar da fasfo mai na'ura a 2007, sun buƙaci fuska ta kalli gaba sak, ido a buɗe, baki a rufe, ba inuwa, bango kuma fili. An yarda da rufe kai saboda addini, amma tilas a ga fuska daga haɓa zuwa goshi. Ke nan mai rawani sai ya sauke amawali, abin da basarake ba ya yi a bainar jama'a cikin sauƙi. Ta fuskar rufe baki da tsayar da ido kuwa, dattijon Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa.

A da, masu akwatin hoto mai ƙafa uku, waɗanda ke wankewa nan take, su ke wannan aiki a bakin kasuwanni da ofisoshi. Injinan wanke hoto mai launi da suka yaɗu a shekarun 1980 sun rage musu kasuwa. Daga baya hukumomi suka koma ɗaukar hoton da kansu a kwamfuta, kamar yadda aka yi a rajistar masu zaɓe ta 2011 da rajistar BVN ta bankuna da aka fara a 2014.

Darajar takardar shaida a wannan yanki na hawa da sauka tare da siyasa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma Illela na cikin guda 4 da aka fara buɗewa a watan Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashenta damar zirga-zirga ba tare da biza ba.

Wayar salula, wadda ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, ta mai da kusan kowa mai hoto bayan da aka fara sa mata kyamara. Matasa na ɗaukar kansu da kansu, suna dariya, suna ɗaga yatsu. Amma ranar Salla, ko ɗaurin aure, ko naɗin sarauta, akan fito da kujera tsakar gida, a gyara wa maigida hannun riga, a jira ya daidaita hularsa. Sau da yawa wannan hoton ne iyali ke nema su sa a Facebook da WhatsApp ranar da za su sanar da rasuwarsa, idan babu shi kuma sai a ciro na jikin katin zaɓe.