Kisan Kai a Garin da Kowa Ya San Kowa: Daga Tsohuwa Marple Zuwa Mai Renon Mage

Yau zan ɗan kauce daga littattafanmu na gida, in leƙa wani reshe na adabin Turawa wanda in aka ba mutum bayaninsa da baki sai ya ɗauka zolaya ce. Labarin kisan kai ne, amma ana karanta shi ne don a samu natsuwa kafin barci. Turawa na kiransa "cozy", kalmar da suke siffanta ɗaki mai ɗumi da ita a lokacin hunturu, har ma hular da suke saƙa wa butar shayi don kada ya huce da wannan suna suke kiranta. Su da sanyi ya dama, ɗumi ne jin daɗinsu. Mu kuwa da rana ta gasa, sai in ce labarin kisa mai sanyi.

Ga yadda yake tafiya a yau. Ƙaramin gari ne a gaɓar teku. Akwai wata mata wadda sana'arta ita ce kula da karnuka da magunan mutane idan sun yi tafiya. Wata safiya ta buɗe ƙofar wani gida don ta ba mage abinci, sai ta tarar da gawa. Ba a nuna jini, ba batsa, ba harbe-harbe, kuma kafin shafin ƙarshe ita ce za ta gano makashin, 'yan sanda na can suna lalube. Wanda ya taso da littattafan James Hadley Chase, kamar yawancin masu karatun Turanci a ƙasar nan, zai ce wannan ai wasan yara ne. To amma wannan wasa ya haura shekara ɗari ana yinsa, kuma yadda ya iso nan ɗin ne ya ja hankalina.

Tun a 1897 wata Ba'amurkiya, Anna Katharine Green, ta ƙirƙiro Amelia Butterworth, tuzuruwa mai leƙen abin da ke faruwa a gidan maƙwabta, a littafin That Affair Next Door. Sai dai wadda ta kafa wa salon gindi ita ce Agatha Christie. An haife ta a 1890 a Torquay, garin shaƙatawa a gaɓar tekun kudancin Ingila, saboda haka teku na cikin abin tun daga tushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti a garin nasu, inda ta san guba iri-iri da adadin da ke kisa. Wannan ya yi wa salon tasiri fiye da yadda ake zato. Guba ba ta buƙatar ƙarfin damtse, ba ta ɓata shimfiɗa da jini, kuma wanda zai zuba maka ita dole ya zama mai kusantar kofin shayinka. Ke nan makashin ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, da ɗan gari kan ci gari.

A 1927 Christie ta fito da Miss Marple a gajeren labari, a 1930 kuma ta ba ta cikakken littafi, The Murder at the Vicarage, inda aka tsinci gawa a ɗakin karatun limamin coci a ƙauyen St Mary Mead. Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, kullum tana saƙa ko tana duba furannin lambunta. Ba ta da tabarau mai ƙara girma, ba ta da bindiga. Abin da take da shi shekaru ne da ta kwashe tana kallon mutanen ƙauyensu, ta yadda duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani mai shago ko wata 'yar aiki da ta taɓa yin makamancin halin. Christie ta ce ta ɗebo wani sashe na halin ne daga kakarta, wadda kullum mummunan zato take yi wa mutane, kuma sau da yawa zatonta na zama gaskiya. A ganina a nan asirin salon yake. Abin da maza ke kira tsegumin tsofaffi, shi Christie ta mai da ilimi, har tsohon shugaban 'yan sandan Landan a cikin labaran ya riƙa sara wa tsohuwar. Duk unguwar da ke da irin wannan tsohuwa ta san cewa raina ta da ake yi shi ke sa a saki baki a gabanta.

Marubutan wancan zamani sun ɗauki abin tamkar wasan dara mai ƙa'ida. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya jera dokoki 10, ciki har da cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda da aljanu ko tsafi ba, ba a yarda mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar sa'a ko wani jin jiki marar dalili ba, kuma duk alamar da ya gani sai ya nuna wa mai karatu. Ku riƙe dokar jin jikin nan, za mu dawo kanta.

Ba kowa ya yarda da su ba. A 1944 Raymond Chandler na Amurka ya rubuta maƙala mai zafi, The Simple Art of Murder, inda ya zarge su da mai da kisa abin ado, ana kashe mutum don kawai a samu gawar da za a yi wasa ƙwaƙwalwa da ita, alhali a zahiri kisa na faruwa ne a lungu, a hannun mutanen da ke da dalilin aikata shi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. A yawancin littattafan nan wanda aka kashe mutum ne da kowa ya tsana, don kada mai karatu ya yi makoki, kuma da wuya ka ga uwa ko maraya suna kuka har ya taɓa maka zuciya. Amsa mafi kyau ta zo ne daga mawaƙi W. H. Auden a 1948, wanda ya amsa cewa shi ma ya kamu da jarabar karanta su. A fahimtarsa, labarin ba na gawar ba ne, na al'umma ne. Kisa ya auku, kowa ya zama abin zargi, maƙwabci na tsoron maƙwabci, sai mai bincike ya ware mai laifi guda ya wanke sauran, zama ya koma yadda yake. In aka tuna cewa masu karatun farko mutane ne da suka rasa 'ya'ya da mazaje a yaƙin da ba a kama kowa da laifinsa ba, za a gane dalilin da ya sa suke son mutuwar da ke da amsa.

To ina dabbobi suka shigo? Kare ya daɗe a ciki. A wani labarin Sherlock Holmes na 1892, karen da bai yi haushi da dare ba shi ya nuna cewa ɓarawon doki sananne ne a gidan. Ita ma Christie a 1937 ta rubuta Dumb Witness, ta sadaukar da shi ga karenta Peter. A ciki wata tsohuwa mai dukiya ta faɗo daga matakala, aka ɗora laifin a kan ƙwallon kare Bob, sai bincike ya nuna karen a waje ya kwana, zare aka ɗaure a saman matakalar. Amma a waɗannan duka dabba shaida ce kawai.

Wadda ta mai da mage abokiyar bincike ita ce Lilian Jackson Braun, 'yar jarida a Detroit. A 1966 ta fitar da The Cat Who Could Read Backwards, labarin ɗan jarida Jim Qwilleran da magensa Koko. Ta ƙara biyu a 1967 da 1968, daga nan sai ɗif, shekara 18 ba a ji ɗuriyarta ba, domin kasuwa ta karkata ga labaran jini da batsa. A 1986 ta dawo, kuma kafin rasuwarta a 2011 jerin ya kai littafi 29. Koko kan turo littafi daga kan kanta ya faɗo, sunan littafin kuma ya zama manuniya ga makashin. Kun ga an taka dokar Knox ke nan ƙiri-ƙiri, kuma ni wannan ɓangare bai taɓa gamsar da ni ba, domin idan mage ce ta san amsa, ina amfanin in zauna ina lissafi? Masu karatu dai ba su damu ba. A 1990 ma Rita Mae Brown ta sa sunan magenta Sneaky Pie a bango a matsayin abokiyar rubutu, dabbobin cikin labarin kuma suna hira da junansu.

Garin gaɓar teku kuwa talabijin ce ta kafa shi a zukata. Daga 1984 zuwa 1996 tashar CBS ta nuna Murder, She Wrote kashi 264, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin Jessica Fletcher, tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, tana yawo a keke a ƙagaggen garin masunta Cabot Cove na jihar Maine (ko da yake a Mendocino ta Kalifoniya aka ɗauki hotunan garin). Gawarwakin da aka tsinta a wannan ɗan gari sun yi yawan da har abin ya zama barkwanci. Amma gaɓar teku ta ɗan rage matsalar da ƙauyen Marple ke da ita. Ƙauye rufaffe ne, in ka yi ta kashe mutanensa za su ƙare. Garin shaƙatawa kuwa kowace kaka baƙi na shigowa, ga masu kuɗi da gidajen hutu, ga 'yan gari masu yi musu hidima suna kallonsu ta wutsiyar ido.

Daga nan abin ya zama masana'anta. A 1989 aka fara taron shekara-shekara na Malice Domestic a kusa da Washinton, inda ake ba da kyautar Agatha, wadda butar shayi ce, ga littattafan da ba batsa ba zubar da jini a cikinsu. A 1994 maɗaba'ar Berkley ta buɗe sashen Prime Crime, sai aka shiga raba wa masu bincike sana'o'i: mai girki, mai gasa burodi, mai saƙa, mai shagon littattafai, har da tsarin girki a ƙarshen littafi. Da yawansu, gaskiya, tuwo ɗaya ne ake sauya wa miya.

Mai renon dabbobi ta fi sauran dacewa, kuma dalilin a bayyane yake. A Amurka, inda mutum kan zauna shi kaɗai da kare babu dangi a kusa, wannan sana'a ce sosai, har an kafa mata ƙungiyar Pet Sitters International a 1994. Mai wannan aiki tana riƙe da makullan gidajen mutane, tana shiga lokacin da ba sa nan, ta ga wasiƙun da suka taru, ta ga maganin da ke kan teburi, ta san wanda ya ce ya yi tafiya alhali motarsa na gareji. Abin da Marple ke samu ta tsegumi, ita tana samunsa ta amana, kuma kowane bincike da za ta yi sai ya ɗan ci wannan amanar.

A 2005 Linda O. Johnston ta fara jerin Kendra Ballantyne, lauyar da aka dakatar ta koma renon dabbobi a Los Angeles. Sai a 2006 Blaize Clement ta haɗa komai wuri guda a Curiosity Killed the Cat Sitter. Tauraruwarta Dixie Hemingway tana zaune a Siesta Key, tsibiri na gaske a gaɓar Fulorida, kuma ta tarar da gawar wani mutum an kifa fuskarsa cikin kwanon ruwan mage. Abin da ya sa na fifita Clement shi ne ta ji ƙorafin Chandler. Dixie tsohuwar 'yar sanda ce a gundumar Sarasota. Wani tsohon direba ya take mijinta da 'yarta mai shekara 3 a wurin ajiye motoci na kanti, baƙin ciki ya hana ta ci gaba da aiki, ta koma wa dabbobi saboda ba ta iya zama da mutane. Tana tashi ƙarfe 4 na asuba ta zagaya gidaje, ta fitar da karnuka, ta taje maguna, kuma wannan zagayen ne ke riƙe da hankalinta. Mutuwar da ta fi ciwo a littafin ba ta da makashin da za a kama. Clement ta yi aikin ba masu damuwar zuciya shawara kafin ta shiga wannan rubutu, kuma ana ganin hakan a yadda take bi da Dixie sannu a hankali, littafi bayan littafi, ba ta gaggauta warkar da ita ba.

Littafi 7 ta kammala kafin ciwon daji ya yi ajalinta a 2011. Ɗanta John Clement ya karɓi alƙalamin, a 2013 ya fitar da na 8, The Cat Sitter's Cradle, da sunansa da na mahaifiyarsa tare a bango.