Izinin gini a Ingila: Rawar da kansiloli ke takawa

A Ingila, mallakar fili ba ta ba mutum ikon gina abin da ya ga dama a kansa. Tun bayan wata doka ta shekarar 1947, duk mai son yin sabon gini, ko mayar da kanti ko sito ya zama masallaci ko makaranta, galibi sai ya nemi izini daga ƙaramar hukumarsa.

Wannan batu ya shafi al'ummar Musulmi ƙwarai, ciki har da 'yan Najeriya mazauna ƙasar, domin masallatai da dama a can tsofaffin gine-gine ne da aka sauya musu amfani.

Yadda ake bi

Idan aka shigar da takardar neman izini, ƙaramar hukuma kan sanar da maƙwabta, ta ba su kwanaki 21 su bayyana ra'ayinsu. Ƙa'ida ita ce a yanke shawara cikin makonni 8 a kan ƙananan ayyuka, manya kuma cikin makonni 13.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun, ma'aikatan sashen tsara gari ne ke yanke hukunci a kansu. Sauran, waɗanda suka fi girma ko suka janyo taƙaddama, su ne ke zuwa gaban kwamitin zaɓaɓɓun kansiloli, wanda ke zama a bainar jama'a.

Kansilan mazaɓa

Kansilan da ke wakiltar unguwar shi ne ƙofar farko ga mai neman izini da ma mai adawa da ginin. Yana iya bayyana musu matakan da ake bi, ya haɗa ɓangarorin biyu su tattauna, ya kuma yi magana a madadinsu a zaman kwamiti.

Bisa tsarin da aka daɗe ana bi a ƙananan hukumomi da yawa, yakan iya neman a ɗauke takardar daga hannun ma'aikata a kai ta gaban kwamiti, amma cikin ɗan ƙanƙanin wa'adi. Shi ya sa tuntuɓarsa tun kafin a shigar da takarda ta fi amfani a kan zuwa wurinsa ana gobe zama.

A shekarar 2025 gwamnatin Birtaniya ta kai ƙudurin doka gaban majalisa da nufin, cikin wasu abubuwa, rage yawan takardun da ke zuwa gaban irin waɗannan kwamitoci.

Iyakar kansila

Ga kansilan da ke cikin kwamitin kuwa, akwai haddi. Wata doka ta 2011 ta ba shi damar sauraron jama'a har ma ya faɗi inda ya karkata, amma tilas ya shiga zaman ba tare da ya riga ya yanke hukunci ba. Idan ya yi alƙawarin ƙuri'arsa tun farko, ana iya ƙalubalantar shawarar a kotu.

Haka kuma wanda ke da wata moriya ta kuɗi a aikin ba ya shiga muhawarar ko jefa ƙuri'a. Ba shi kyauta domin neman alfarma kuwa cin hanci ne a ƙarƙashin dokar 2010.

Hujjojin da ake dubawa

Doka ta ɗaure kwamitin da hujjojin tsara gari kawai: cunkoson motoci, wurin ajiye su, hayaniya, tsayin gini, tare wa maƙwabta haske, da tsarin raya yankin da hukumar ta amince da shi. Addinin mai neman izini, ko fargabar faɗuwar darajar gidaje, ba hujja ba ce. A wurin zaman ma, mintuna uku kacal ake yawan bai wa mai magana.

Misalai biyu sun nuna yadda sakamako ke bambanta. A 2012 kansilolin birnin Cambridge sun amince da gina masallaci mai ɗaukar kimanin mutane 1,000, aka kuma buɗe shi a 2019. A wannan shekara ta 2012 kansilolin Newham da ke gabashin Landan sun ƙi amincewa da masallacin da Jama'atut Tabligh ta so ginawa, mai ɗaukar kimanin mutane 9,000, bisa hujjojin girmansa da zirga-zirgar ababen hawa. Gwamnati ta tabbatar da ƙin a 2015.

Ɗaukaka ƙara

Wanda aka hana izini yana da damar kai kuka ga hukumar sufetocin tsara gari ta ƙasa, galibi cikin watanni shida. Maƙwabtan da ba su ji daɗin izinin da aka bayar ba kuwa ba su da wannan dama, sai dai su je babbar kotu cikin makonni shida, ita ma hanyar da aka bi kaɗai za ta duba.