Gida mai arha a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: wa ya sayar, kuma me ya sa?

1/ Kwana biyun nan shawara ɗaya ke yawo: "Ka sayi gida mai arha a karkara, ka zuba 'yan haya, ka kwanta kuɗi na shigowa." Har wasu na ambaton Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, wai can ne farashi ya faɗi warwas. To kafin wani ya kwashe ɗan abin da ya tara a sana'ar POS, ku zo mu bi tarihin abin. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Farko dai, a ƙauyen Hausa na da, ba a san karɓar kuɗin ɗaki duk wata ba. Baƙo ya zo, mai unguwa ko dagaci ya sauke shi a gidan wani, in ya yi niyyar zama a yanka masa fili ya yi gini. Gona kuwa akwai aro, akwai jingina, akwai gado. Tun zamanin Daular Usmaniyya Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba kowa a kai, kuma jigon maganar shi ne rayawa: ka share, ka noma, ka gina.

3/ Amma kada a ce ba a saye da sayarwa sam. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa a 1967, ta nuna a littafinta na 1972 cewa manoma na sayar wa junansu gona a fili, kuma galibi wanda talauci ya matsa ne ke sayarwa, mai hali ya saya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Asalin mai gidan da ke cin abinci da ɗakunansa a wurin Bahaushe shi ne fatoma. Ku duba Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ko zangon Kumasi. Falke ya taho da shanu daga Arewa ko ya zo sarin goro, sai ya sauka gidan wani mai gida. Shi zai ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Abner Cohen ya yi littafi guda a kan mutanen Sabo a 1969. Abin lura, ribar fatoma daga la'adar ciniki take fitowa. Ɗakin hanya ce kawai ta jawo falke. In fatauci ya tsaya, ɗakunan sun zama kango.

5/ Sai Turawa. Bayan kwamitin da Gwamna Girouard ya sa aka kafa a 1908, dokar ƙasa ta 1910 ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin 'yan ƙasa. Abin da mutum ke da shi izinin zama ne da amfani. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari a 1962, sannan a Maris 1978 gwamnatin Obasanjo ta ɗauke shi ta shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya. Wato 'yan Kudu ne dokar 1978 ta zo wa a baƙuwa, mu nan mun shekara 68 a cikinta.

6/ Haya irin wadda muka sani jirgin ƙasa da albashi ne suka kawo ta. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, mutanen da ke da kuɗin wata amma ba su da gidan uba a garin. A kudancin Katsina kuwa Funtuwa ce ta ci wannan gajiya: layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya bi ta cikinta a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, ga 'yan kasuwa. Audugar Faskari da kewaye can take zuwa. Ƙauye ya noma, Funtuwa ta tara baƙi, baƙi su biya haya.

7/ Garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari kasuwar hayarsu ta taso ne da gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, suka kawo sakatariya, asibiti, makarantun sakandare, ofishin 'yan sanda. Malamin da aka turo daga Daura, ma'aikaciyar jinya, ɗan bautar ƙasa, su ne 'yan haya. Sai shagunan bakin kasuwa da rumbunan ajiye masara. Kasuwa ce ƙarama, amma albashi na shiga duk wata, shi ya sa ta tsaya da ƙafarta.

8/ Yanzu ga inda arhar ta samo asali, kuma ba daɗin faɗa. Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin dazukan da suka haɗe Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Duniya ta ji wannan. Abin da duniya ba ta ji ba shi ne ƙauyukan da aka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, da shanun noma da aka kore, da kuɗin fansar da aka haɗa ta hanyar sayar da gona da gida.

9/ A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Masari ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga: aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a Satumba kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da ukun nan da Funtuwa. Ka yi tunanin mai shago biyar a bakin kasuwa a wannan lokacin. Wa zai biya shi haya alhali kasuwar ba ta ci?

10/ Sai kasuwar ta rabe gida biyu. A ƙauyen da aka gudu, gida ba ya da mai saye ko nawa aka sa masa. A cikin gari kuma, Funtuwa, Malumfashi, birnin Katsina, har da cikin Ƙanƙara da Faskari kansu, mutane sun cika, ɗaki ya yi wuya. Iyali guda su matsu a ɗaki ɗaya, wasu a kangon da ba a gama ba, wasu a ajin firamare. Mai ba ka shawarar "arha" yawanci yana kallon farashin na farko ne, yana lissafa hayar na biyu. Ba gida ɗaya ba ne, malam.

11/ Mu yi ɗan lissafi, misali kawai. A ce ka sayi gida mai ɗaki 6 a kan naira miliyan 6, kowane ɗaki dubu 40 a shekara. Dubu 240 ke nan, kashi 4 cikin 100 na jarinka, in duk sun biya, in damina ba ta ci katanga ba, in ba a yashe masai ba. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. Buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da dama a farkon 2024. Kuɗin haya ba ya bin wannan gudun, don ɗan hayar ka manomi ne da aka raba da gonarsa ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Abin da ke riƙe darajar kuɗinka filin ne, shi kuma filin tsaro ne ke riƙe da shi.

12/ Masu cewa "to a gina wa ɗalibai" su ma su duba Dutsin-Ma. Jami'ar Tarayya ta 2011 ta sa gidajen haya sun yi ta tsirowa a garin. A Oktoba 2023 aka shiga gidan da ɗalibai mata ke haya a wajen makaranta aka tafi da biyar. Duk mai gidan da ke sauke 'ya'yan mutane a irin wannan wuri, amanar rai ya ɗauka, ba ta kuɗi kaɗai ba.

13/ Batun takarda. Yawancin cinikin gida a garuruwanmu takardar hannu ce, dillali da shaidu biyu da sa hannun mai unguwa. Tana da amfani a gaban alƙali, amma ba ita ce shaidar mallakar gwamnati ba. A dokar 1978, filin da aka ayyana birni gwamna ke ba da izininsa, na karkara ƙaramar hukuma, kuma sayar da shi ko jinginar da shi a banki sai da amincewarsu. In gwamnati ta karɓe wurin don hanya ko makaranta, diyyar da za a biya ta gini ce da amfanin da ke kai. Banki ma ba zai ba ka rance da takardar mai unguwa ba.

14/ Wanda ya fi kama mutane shi ne gidan gado. Mai gida ya rasu a hari, 'ya'ya sun watse, wani yana Kano, wata tana aure a Zariya, babban wa ya sayar shi kaɗai don ya biya bashi. Gidan da ba a raba ba kowane magaji yana da kaso a ciki, har mata da ƙananan yara, kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason da aka sayar maka. Shekara uku bayan ciniki sai ka ga sammaci daga kotun shari'a. A tambaya: an raba gadon? Wace kotu? Ina sauran magada?

15/ Mu koma kan abin da Polly Hill ta gani a Batagarawa. Wancan talauci ne na yau da kullum ke sa a sayar. Wannan kuwa bindiga ce. Ni dai ra'ayina, sayen gidan wanda ke neman kuɗin fansar ɗansa a rabin farashi, ko da cinikin ya cika sharuɗɗa, ba abin alfahari ba ne, kuma a gari ƙarami ba a mantuwa. Ga jingina nan tun kaka da kakanni: ka ba shi kuɗi, in ya samu ya fanshi abinsa. Malamai na da magana a kan cin amfanin abin da aka jinginar, sai a tambaye su kafin a shiga. Wanda kuma zai saya, ya sa dillalai biyu da ba su san juna ba su yi wa gidan kuɗi, ya biya abin da suka ce.

16/ Gwamnatin Dikko Radda ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, a Mayu 2024 kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa. Masu sayen fili a gefen Funtuwa wannan suke hange, kuma hangensu na da ma'ana: can ne baƙo mai kuɗin wata ke sauka tun zamanin auduga. Amma in hankali ya kwanta sosai, masu gudun hijirar da suka cika ɗakunan gari gonakinsu za su koma, hayar cikin gari ta sauka, gidan ƙauyen da ba mai so ya dawo da daraja. Wanda ya gina ɗaki goma a bayan gari saboda cunkoson yau, lissafinsa ya rataya ne a kan mutanen Sabuwa da Faskari su ci gaba da kwana a gidan wani.