Idon da ke bin roka: daga hamadar White Sands zuwa fiffiken Columbia

Ranar 24 ga Oktoban 1946, a hamadar White Sands da ke jihar New Mexico ta Amurka, aka harba wata roka samfurin V-2, ɗaya daga cikin waɗanda Amurkawa suka kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba bam aka ɗora mata ba, kyamarar silima ce ta kamfanin DeVry, wadda ke ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa ɗaya da rabi. Rokar ta yi sama har kilomita 105, sannan ta juyo ta daki ƙasa. Kyamarar ta yi rugu-rugu, amma fim ɗin, da yake yana cikin gwangwanin ƙarfe, sai aka same shi lafiya lau. Da aka wanke shi, sai ga gizagizai a can ƙasa, ga gefen duniya ya tanƙwara, bayansa kuma baƙi ƙirin. Wannan shi ne hoton duniya na farko daga sararin samaniya. Kafin nan, mafi tsayin wurin da aka taɓa ɗauko hoto kilomita 22 ne, daga wani balan-balan a 1935.

Su mutanen White Sands ba don ƙawa suke ɗaukar hoto ba. Roka aba ce da ke lalacewa cikin ƙiftawar ido, a inda hannu ba ya kaiwa, kuma tarkacenta ba kasafai yake faɗin abin da ya fara karyewa ba. Fim ne kaɗai shaidan da zai iya maimaita abin da ya gani a hankali. Shi ya sa aka jera kyamarori masu auna kusurwa da lokaci a cikin hamadar, aka kuma ɗauko Clyde Tombaugh, mutumin da ya gano Pluto a 1930, ya shafe kusan shekara tara yana kula da madubai masu hangen nesa da ke bin roka har ta ɓace. Mai neman duniyoyi ya koma mai gadin makami.

Da mutane suka fara hawa kumbo, hukumar NASA ba ta ɗauki hoto da wani muhimmanci ba. John Glenn da kansa ya shiga wani kanti a garin Cocoa Beach ya sayi ƙaramar kyamara samfurin Ansco Autoset a kan dala 40, injiniyoyi suka yi mata mariƙi domin ya iya danna ta da safar hannu mai kauri. Da ita ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairun 1962. A zagayen farko, lokacin da yake wucewa ta saman Kano, inda NASA ke da tashar bibiyar kumbo, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Suka ce masa ai iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ya san abin da Glenn ya gani, hunturu ne.

Bayan wata takwas Wally Schirra ya tafi da Hasselblad, kyamarar Sweden da ta zama abokiyar tafiyar 'yan sama jannatin Amurka har zuwa wata. Shi ne kuma, tare da Tom Stafford, ya kusanto da Gemini 6A gab da Gemini 7 ranar 15 ga Disamban 1965, har tazarar ta rage kusan santimita 30. A ranar ce aka fara samun hoton kumbo mai ɗauke da mutane, yana shawagi, wanda wani kumbon ya ɗauka ta taga.

Zamanin Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, shi ne lokacin da masu kyamara suka baje kolinsu. Bidiyon nan da ake yawan yaɗawa, inda wani ƙaton zobe ke rabuwa da roka yana juyawa cikin wuta, duniya na bayansa, galibi ana liƙa masa sunan Apollo 11. Ba nasa ba ne. Daga gwaje-gwajen farko na rokar Saturn V ya fito, waɗanda babu mutum a ciki, farawa da Apollo 4 a ranar 9 ga Nuwamban 1967. An ɗaura kyamarorin a jikin rokar, da suka gama aiki aka tofar da su cikin wasu ƙananan akwatuna, suka sauko da lema suka faɗa Tekun Atilantika, aka je aka tsamo su. Injiniyoyi so suke su tabbatar zoben bai gogi injin ba. Ranar 16 ga Yulin 1969 kuwa, wata kyamara mai lamba E-8 da aka girke a gindin Apollo 11 ta riƙa ɗaukar hoto 500 a kowace daƙiƙa, sai daƙiƙa talatin na tashin rokar suka zama fim na fiye da minti takwas.

Wanda ya fi shan wahala shi ne Ed Fendell. Yana zaune a Houston, yana juya kyamarar talabijin da ke kan motar da 'yan sama jannati suka bari a wata, yana so ya bi kumbo lokacin da zai tashi. Saƙo yana ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ya isa wata, hoton ma haka kafin ya dawo, saboda haka in ya jira ya ga tashin, ya makara. A Apollo 15 kyamarar ta samu matsalar ɗaga kai. A Apollo 16 kumbon ya kuɓuce wa hoton da wuri. A Apollo 17, ranar 14 ga Disamban 1972, Fendell bai bi abin da allo ke nuna masa ba, agogo ya bi, yana danna maɓalli kafin abin ya faru. Sai kyamarar ta ɗaga kai daidai, ta raka kumbon har ya zama ɗigo.

A ɓangaren Tarayyar Sobiyet, hoto sirri ne na ƙasa. Duniya ba ta ga cikakkiyar siffar rokar da ta ɗauki Yuri Gagarin a 1961 ba sai a baje kolin jiragen sama na Paris a 1967. Rokar da suka ƙera don zuwa wata, N1, mai tsayin mita 105, ba su ma yarda akwai ta ba sai a 1989. Amma Amurkawa sun riga sun gan ta daga sama. Taurarin ɗan Adam na leƙen asiri suna wucewa ta saman sansanin harba rokoki na Baikonur, su ɗauki hoto, su jefo fim ɗin cikin ƙoƙo, jirgin sama ya cafke shi a iska kusa da Hawaii. Da N1 ta fashe ranar 3 ga Yulin 1969, kwana 13 kafin tashin Apollo 11, waɗannan hotuna ne suka nuna wa Washington dandalin harbawar a ƙone. Irin wannan tauraron ne aka juya a watan Mayun 1973 ya leƙa tashar sararin samaniya ta Amurka, Skylab, wadda garkuwarta ta yage a lokacin tashi, kafin a tura masu gyara. Ke nan tun wancan lokaci an san cewa tauraro zai iya duba lafiyar wani abin da ke sama. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka mutu. Jama'a a talabijin sun ga dunƙulen hayaƙi ne kawai. Da masu bincike suka bi fim ɗin hoto bayan hoto, sai suka ga baƙin hayaƙi yana fita daga wata mahaɗa a jikin rokar taimako ta dama tun kafin a cika daƙiƙa ɗaya da kunna ta, sannan harshen wuta ya bayyana a wurin wajen daƙiƙa 59. Robar da ke toshe mahaɗar ce sanyi ya sandarar. Kyamarori biyu da suka fi dacewa su nuna wurin ba su yi aiki ba a safiyar.

Sai kumbon Columbia.

Ya tashi ranar 16 ga Janairun 2003. Washegari, ƙwararrun da aikinsu shi ne duba hotunan tashi suka lura cewa a daƙiƙa ta 82 wani guntun soso, irin wanda aka lulluɓe babban tankin mai da shi don ya riƙe sanyi, ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu ya zama gari. Daidai ina ya buga? Hotunan ba su iya faɗa ba. Kyamarar fim ɗin da ta kama abin tana nesa da kumbon da kusan kilomita 27, ta bidiyon kuma kusan 42, wata ta uku da za ta fi nuna ƙarƙashin fiffiken, ruwan tabaranta bai daidaita ba, hotonta dishi-dishi. Shugaban masu duba hotunan, Bob Page, ya nemi a roƙi ma'aikatar tsaro ta ɗauki hoton kumbon yana sama. Injiniyoyin da aka ɗora wa nazarin ɓarnar, ciki har da Rodney Rocha, su ma suka nema. Sau uku buƙatar ta taso, kuma shugabannin shirin, ƙarƙashin Linda Ham mai jagorantar kwamitin kula da tafiyar, suka janye ta. Hujjarsu ita ce soso ya sha ɓallewa a baya ba abin da ya faru, kuma babu wanda ya kawo shaidar cewa wannan karon akwai haɗari.

A nan ne abin ya fi ciwo. An ce wa injiniyoyi su kawo hujja kafin a ba su hoto, alhali hoton shi ne hujjar. Ranar 1 ga Fabrairu, saura minti 16 ya sauka, Columbia ya tarwatse a saman jihar Texas da mutum bakwai, cikinsu har da Kalpana Chawla haifaffiyar Indiya da Ilan Ramon ɗan Isra'ila. Ko bayan haka wasu a NASA ba su yarda soso zai iya huda fiffike ba. Sai da aka je San Antonio ranar 7 ga Yuli aka harba guntun soso mai nauyin kusan giram 760, da gudun sama da kilomita 800 a sa'a, a kan irin wannan ɓangaren fiffiken. Ya buɗe rami mai faɗin kusan santimita 40. Gani ya kori ji. Kwamitin binciken ya ce da an gano ɓarnar cikin makon farko, akwai yiwuwar a gaggauta shirya kumbon Atlantis ya je ceto, duk da cewa hakan ma kasada ce babba. Ya kuma ba da shawarar cewa kada kumbo ya sake tashi sai ana da kusurwa uku aƙalla da ke nuna shi sarai.

Da kumbon Discovery ya tashi ranar 26 ga Yulin 2005, kyamarori sama da 100 ne suka zuba masa ido, wasu a ƙasa, wasu a jikin tankin, wasu a kan jirage biyu samfurin WB-57 da ke shawagi can sama. Bayan kwana biyu, kwamanda Eileen Collins ta tsayar da kumbon kusan mita 180 a ƙarƙashin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta juya shi ya nuna cikinsa, Sergei Krikalev da John Phillips suna taga da dogayen ruwan tabarau na milimita 400 da 800 suna ta dannawa. Hotunan suka nuna ƙyalle biyu sun leƙo daga tsakanin tayil-tayil masu kare zafi. Ranar 3 ga Agusta Stephen Robinson ya fita, aka miƙa shi ƙarƙashin kumbon a bakin hannun inji, ya zare su da yatsunsa. Kyamarar tankin kuwa ta kawo labarin da ba a so ji ba: wani babban guntun soso ya sake ɓallewa, sa'a ce kawai bai bugi komai ba. Aka sake dakatar da tashin kumbunan kusan shekara guda.

Yau masu ɗaukar hoton roka suna girke kyamarorinsu kusa da dandali tun kafin ranar, su haɗa su da na'urar da rugugin inji ke tayarwa, su koma nesa su jira. A watan Mayun 2018, a sansanin Vandenberg na California, tashin rokar Falcon 9 ya kunna wa ciyawa wuta, ta narkar da kyamarar Bill Ingalls, daɗaɗɗen mai hoton NASA. Abin dariyar, cikin shidan da ya girke, ita ce mafi nisa da rokar. Katin hotonta ya tsira, ɗauke da hotunan wutar tana matsowa. Can a duniyar Mars ma, tauraron da ke kewaya ta ya kama kumbon Phoenix a 2008 da na Curiosity a 2012 suna saukowa da lema. Masu cewa zuwa wata ƙarya ce kuma, sai su yi bayanin hotunan wuraren saukar Apollo da tauraron LRO ya ɗauko tun 2009, da wanda Chandrayaan-2 na Indiya ya ɗauko a 2021.

Hoton da aka daɗe ana nema shi ne na kumbon Amurka a maƙale da tashar ƙasa da ƙasa, daga waje. Sama da shekara goma ana zuwa ana dawowa ba a samu ba, domin sai an sami wani kumbo da zai ja da baya ya tsaya da mai kyamara a ciki. Ranar 23 ga Mayun 2011, saura wata biyu a yi wa waɗannan kumbunan na Amurka ritaya, Rashawa suka yarda kumbonsu Soyuz TMA-20 ya dakata a nisan kusan mita 200, aka juya tashar gaba ɗayanta a hankali, Paolo Nespoli ɗan Italiya ya ɗauki kumbon Endeavour a maƙale da tashar ta wata ƙaramar taga. Bayan 'yan sa'o'i suka sauka a Kazakhstan, NASA kuma ta fitar da hotunan ranar 7 ga Yuni.