Yadda aka kafa rundunar kashe gobara ta Landan

A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke layin Pudding Lane a Landan, ta kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje kusan 13,200 da coci 87. Mutum zai zaci bayan irin wannan masifa hukuma za ta kafa 'yan kwana-kwana ba tare da ɓata lokaci ba. Ina! Sai da aka ƙara shekara 200 cif. Waɗanda suka cike giɓin su ne kamfanonin inshora. Kowane kamfani ya ɗauki nasa ma'aikatan, yawanci daga masu tuƙa kwalekwale a kogin Tems, yana kuma manna tambarinsa na darma a bangon duk gidan da ya biya kuɗi. Damuwarsu dukiya ce, domin su za su biya diyya in ta ƙone. Ceton rai kuwa an bar wa wata ƙungiyar sa-kai mai ajiye tsani a bakin tituna.

Mutumin da ya mayar da kashe gobara sana'a mai ƙa'ida ba ɗan Landan ba ne. Sunansa James Braidwood, daga Edinbara ta Sikotland. A 1824, yana ɗan shekara 24, majalisar birninsu ta damƙa masa sabuwar rundunar da ta kafa, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a Birtaniya da hukumar gari ta riƙe da kanta. Ko zama bai gama yi a kujerar ba wata babbar gobara ta tashi a watan Nuwamba, ta yi kwanaki tana ci, mutum 13 suka mutu. Daga nan ya ɗaura ɗamarar gyara.

Ba kowane majiyi ƙarfi yake ɗauka ba. Magina yake nema, da kafintoci, da masu rufin ɗaki, da masu haɗa famfo. Magini ya san bangon da ke shirin zubewa, kafinta ya san yadda aka shimfiɗa katakon bene, mai rufi kuwa tsayi ba ya razana shi. Yakan tashe su atisaye da ƙarfe huɗu na asuba, don su saba aiki cikin duhu, don kuma kada ya hana su fita neman abinci da rana. Kafin zuwansa, abin da aka saba shi ne a tsaya a titi ana feshin ruwa ta taga, rabinsa na zuba a banza. Shi ya ce a'a, a ja mesa a shiga ciki, a kai ruwan daidai inda wutar take. Ya koya musu su yi rarrafe, domin iska mai kyau a ƙasa take, hayaƙi da zafi sama suke yi. Ya hana a buɗe ƙofofi da tagogi barkatai, kada a ba wutar iska. Ya kuma hana kowa shiga gini shi kaɗai. A 1830 ya tattara waɗannan ƙa'idoji cikin littafi, kuma har gobe da su ake horar da sababbin ɗauka.

A 1833 kamfanonin inshora goma na Landan suka haɗe ma'aikatansu wuri guda, suka ɗauko Braidwood ya shugabance su. Mutum 80 ne kacal ga birnin da jama'arsa ta haura miliyan ɗaya da rabi. Shekara ta zagayo, a Oktoban 1834, ginin majalisar dokoki ya kama da wuta. Da ya ga ba za a iya ceton duka ba, sai ya tattara ƙarfinsa kan tsohon zauren Westminster, ya kuwa kuɓutar da shi.

Ranar 22 ga Yunin 1861 wuta ta tashi a sito-siton titin Tooley da ke bakin kogi, inda aka jibge rama da kitse da mai. Braidwood na zagayawa yana duba mutanensa bango ya rufto masa, nan take ya cika. Wutar ta yi mako biyu kafin ta mutu, asarar ta kai kusan fam miliyan biyu. Kamfanonin suka ce wa gwamnati sun gaji, kaya ya fi ƙarfinsu. Majalisa ta yi doka a 1865, rundunar gwamnati ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1866 a ƙarƙashin Kyaftin Eyre Massey Shaw. Shi kuma ma'aikatan jirgin ruwa ya fi so, saboda sun saba da igiya da hawa da bin umarni. Ya ƙara tashoshi, ya yawaita injinan famfo masu aiki da tururi, ya karɓi aikin tsanin ceto daga hannun 'yan sa-kai. Sunan da ake kiran rundunar da shi yanzu, London Fire Brigade, a 1904 aka tabbatar da shi. An sallami dawakan ƙarshe masu jan injinan a 1921, an buɗe lambar gaggawa ta 999 a 1937, mace ta farko ta shiga aikin dindindin a 1982.

Abin takaicin shi ne, kusan kowane gyara sai an yi jana'iza ake yin sa. A Nuwamban 1987 ashanar da wani ya yar ta kunna wuta a ƙarƙashin matakalar katako mai tafiya da kanta a tashar jirgin ƙasa ta King's Cross. Mutum 31 suka rasu, har da wani jami'in rundunar. Sai bayan nan aka sauya wa ma'aikata wandunan roba masu narkewa, aka shiga cire matakalun katako, aka tsananta dokar hana shan taba a tashoshi.

Yau rundunar na da tashoshi 102 da wata guda a kan kogi, tana horar da mutanenta a cibiyoyin Beckton da Park Royal, inda ake kunna wuta ta gaske a cikin gini don su saba da zafi da duhun hayaƙi. Amma aikin da ya fi burge ni ba shi da jiniya. Ma'aikata kan je gidan mutum kyauta, musamman tsofaffi da masu naƙasa. Su duba madafa, su duba inda aka cusa wa soket ɗaya kayan wuta da yawa, su tambayi inda ake ajiye makullin ƙofa da dare, su maƙala ƙararrawar hayaƙi a silin, su danna ta maigida ya ji ƙararta. A makarantun firamare suna koya wa yara su fita, kada su koma ɗaukar komai, su kira 999. Akwai shirin horar da matasa, kuma tun 2023 suna gangamin faɗakarwa kan batirin keken lantarki, wanda ya zama sabon tushen gobara a birnin.

Duk da haka, ranar 14 ga Yunin 2017 firji ya kama da wuta a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. Kayan da aka lulluɓe ginin da su daga waje suka kai wutar har sama cikin 'yan mintoci. Rundunar ta ci gaba da ce wa mazauna su zauna a ɗakunansu har kusan ƙarfe uku saura kwata na dare. Mutum 72 suka mutu. Kwamitin bincike ya yaba jarumtar waɗanda suka shiga ginin, amma ya ce shugabanninsu ba su horar da su kan irin wannan gobara ba, kuma da an janye umarnin zama da wuri da an ceci ƙarin rayuka. Tun daga nan rundunar ta sayi tsani mai tsawon mita 64, tana kuma ɗauke da hulunan da ke kare wanda ake ceto daga hayaƙi na minti 15.